Daren da ƙarfe ɗaya da rabi ya zo sau biyu

Ranar Lahadi 27 ga Oktoba 2024, ko tasbihin bayan sallar Asuba ban gama ba wayata ta fara ruri a aljihu. Baffana ne. Shi ba mai kira da sassafe ba ne, in ma ya kira sai ya tambayi kwanan iyali ɗaya bayan ɗaya kafin ya shiga magana. Ran nan sallama kawai ya yi, ya ce, "Kana ina? Mutane sun ce an cire musu kuɗi sau biyu cikin dare."

Baffa shi ne ma'ajin wata ƙungiyar 'yan kasuwa a Tudun Hatsi, nan cikin Gombe, masu harkar wake da masara da riɗi da waken suya. Shekara da shekaru suna zubi duk mako, ana rubutawa a babban littafi mai bango baƙi, in wani ya shiga matsi a ba shi rance daga asusun. Da suka haura mutum 300 littafin ya fara gagara, shi ne a watan Mayu na shekarar ya kai ni gaban shugabanninsu ya ce ɗansa ya karanci kwamfuta, a ba ni dama. Na haɗa musu manhaja. Kowa yana da asusunsa, ya ajiye abin da ya samu cikin mako, daren Asabar wayewar Lahadi da ƙarfe 1:30 manhajar ta ciri zubin naira 5,000 ta tura masa tes. Wanda kuɗinsa bai kai ba a rubuta masa tarar naira 500, yadda dokar ƙungiya ta tanada. Wata biyar ana haka ba a taɓa jin kanmu ba.

Na ce, "Baffa, ba ni minti goma." Ya ce, "Ka hanzarta, sunana ne a bakin mutane."

Da na isa gida abin da na fara yi shi ne tsayar da duk wani aikin da na'urar ke yi da kanta, don kada wata ɓarna ta hau kan wata ina tsaka da bincike. Sannan na buɗe rijistar da take rubuta kowane aiki da lokacinsa. Ga layin cire zubi, ƙarfe 01:30. Can ƙasa kaɗan ga shi kuma, ƙarfe 01:30. Rana ɗaya, minti ɗaya, layi biyu. Gabana ya faɗi, don abin da ya fara zo mini shi ne wani ne ya kutsa. Na bi jerin waɗanda suka shiga na'urar, babu kowa sai ni, kuma rabona da shiga kwana huɗu. Na ce to ko manhajar ce ta tashi biyu a lokaci guda. Amma da haka ne, da layukan sun cakuɗe da juna. Waɗannan kuwa a jere suke tsaf: zagayen farko ya bi mutane daga na ɗaya zuwa na ƙarshe ya gama, wasu ƙananan ayyuka suka biyo baya, sannan zagaye na biyu ya soma daga farko. Wani abu kuma ya tsaya mini a rai. Tsakanin zagayen biyu akwai layi mai 01:59, wanda ke biye da shi kuma 01:00.

Na sake kiran Baffa na roƙe shi ya karanta mini lokacin da tes ɗin biyu suka shigo wayarsa. Na ji yana laluben tabarau. Ya ce na farko ɗaya da rabi, na biyu biyu da rabi.

Nan na tambayi na'urar ƙarfe nawa. Ta ce 06:12, a gefe an rubuta GMT. Agogon bangon ɗakina kuwa bakwai da minti sha biyu.

Manhajar ba a kwamfutata take zaune ba. A kan wata saba take, wato kwamfutar da ke aiki dare da rana daga nesa, da na yi haya ta intanet, injin yana Landan, na zaɓi can ne saboda araha kuma ba ta nauyin buɗewa daga nan. Ranar da na karɓe ta a watan Mayu na ga agogonta yana bayan namu da awa ɗaya, domin a kan UTC ta zo, wato lokacin bai ɗaya da duniya ke auna sauran lokuta da shi. Ina son ta yi daidai da agogon hannuna. Aka jero mini sunayen garuruwa in zaɓa, na ce tunda injin a Landan yake bari in zaɓi Landan. Na zaɓa, na duba, ya yi daidai da nawa har minti. Ban sake waiwayar wurin ba.

Daidaiton nan na aro ne. Najeriya tana gaban UTC da awa ɗaya, rani da damina, ba ma taɓa agogo. Birtaniya kuwa agogo biyu gare ta a shekara. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya, suna kiran sa BST, a wannan tsakanin lokacinsu da namu ɗaya ne. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba, idan ƙarfe 2:00 na dare ya buga, sai su mayar da shi 1:00, su koma GMT. Ke nan a wannan dare duk mintin da ke tsakanin 1:00 da 1:59 sau biyu yake zuwa. Ni kuma a tsakiyar wannan awa na ajiye aikin da ke taɓa kuɗin mutane.

Abin da ya fi ci mini rai, na san da maganar. Duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo a Gombe ya san wasan Firimiya na ƙarfe uku a Ingila, a watan Agusta da Satumba ƙarfe uku muke kallon sa, in hunturu ya shigo ya koma ƙarfe huɗu. Tun ina sakandare na san wannan. Ban taɓa haɗa shi da injin da na yi haya ba, saboda a raina kwamfuta agogonta agogo ne kawai, ban ɗauka na wata ƙasa ne mai dokokinta ba.

Sai dai akwai sauran tambaya. Manhajar da ke tayar da ayyuka a kan lokaci a na'urorin Linux, wato tsarin da sabar tawa ke tafiya a kai, ana kiran ta cron, tsohuwa ce tun zamanin Unix, magabacin Linux, a shekarun 1970, wadda aka fi amfani da ita yau kuma ta samo asali ne daga wadda Paul Vixie ya rubuta a 1987. Mutanen da ke kula da ita a ƙasashen da ake canza agogo suke zaune, ba yadda za a yi a ce ba su yi tanadi ba. Na buɗe littafin bayaninta da ke cikin na'urar, na tarar sun yi. A nau'o'in Linux irin su Debian da Ubuntu, in agogo ya motsa da abin da bai kai awa 3 ba, cron tana gane cewa canjin lokaci ne. In gaba aka yi, aikin da lokacinsa ya faɗa cikin awar da aka tsallake za ta yi shi nan take bayan canjin. In baya aka yi, ba za ta maimaita abin da ta riga ta yi ba. Amma akwai sharaɗi: kariyar ta aikin da aka sa wa tsayayyen lokaci ce kaɗai. Wanda aka ce a yi shi kowace awa ko kowane minti, shi agogon da ke gabanta kawai take bi.

Umarnin cron gurbi biyar ne a jere: minti, awa, ranar wata, wata, ranar mako. Tauraro a gurbi yana nufin kowanne. Da na rubuta 30 1 * * 0, wato minti 30, ƙarfe 1, ranar Lahadi, da cron ta kare ni. Abin da na rubuta shi ne 30 * * * *, wato a minti na 30 na kowace awa a tayar da manhajata, ita kuma ta duba agogo da kanta ta ga aikin wane lokaci ne ya yi: in ƙarfe ɗaya ne na Lahadi ta ciri zubi, in shida ne na safe ta tura tunatarwa ga masu rance. Na yi haka ne don komai ya taru wuri ɗaya, ya yi sauƙin gyara. Cron ta tashe ta da 1:30 na farko, ta duba ta ga ƙarfe ɗaya, ta cira. Bayan awa guda aka sake tashin ta, ta duba, har yanzu ƙarfe ɗaya, ta sake cira. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma lalace ba. Ban taɓa koya mata ta tambayi ko an riga an ciri na wannan makon ba.

Wajen ƙarfe takwas na san ciwon. Saura magani, kuma maganin kashi biyu ne, na kuɗin mutane da na injin. Na mutane ne mai gaggawa.

Na fitar da jerin duk wanda aka taɓa a zagaye na biyu. Rarrabe su bai yiwu da lokaci ba tunda duka 01:30 ne, sai na bi lambar jeri da rumbun bayanai ke bai wa kowace shigarwa, na ga inda zagayen farko ya tsaya na biyu ya ɗauka. Mutanen kashi biyu suka fito. Masu isasshen kuɗi an cire musu 10,000 maimakon 5,000. Waɗanda suka ajiye daidai na zubi kuwa, an cira a zagayen farko lafiya, a na biyu aka tarar asusu babu komai aka maka musu tara, aka kuma tura musu tes mai cewa sun gaza biyan zubin mako. Waɗannan su ne ƙananan 'yan kasuwa, masu awo da mudu, waɗanda suka matse bakin aljihu suka cika alkawari. Su ne na fi jin nauyinsu.

Niyyata in goge shigarwar ta biyu gaba ɗaya, kamar ba a yi ba. Layi ɗaya ne na umarni. Na faɗa wa Baffa a waya, ya ce in dakata, in taho da kwamfutar kasuwa.

Lokacin kaka ne, Tudun Hatsi ba masaka tsinke. Motoci daga Kumo da Dukku da Bajoga suna sauke buhuna, 'yan dako suna ratsawa da gudu, ƙurar wake ta cika iska. Na tarar da Baffa a rumfar shugaban ƙungiya, wani dattijo da kowa ke kira Alhaji, da sakatare, da mutum kamar goma a tsaitsaye kowa da waya a hannu. Baffa ya ɗauko tsohon littafin nan mai baƙin bango, ya buɗe wani shafi na shekarun baya ya nuna mini. An yi kuskuren lissafi a wurin, an ja layi ɗaya siriri a kan adadin yadda har yanzu ana iya karanta shi, an rubuta daidai a gefe, mutum biyu sun sa hannu. Ya ce, "A littafin nan ba a yage shafi, ba a sa abin gogewa. In ka goge, tes yana wayar mutum yana cewa an cira, littafinka yana cewa ba a cira ba. Wa zai yarda da wa?"

Gaskiyarsa. Sai na rubuta wa kowa sabuwar shigarwa ta mayarwa: an mayar da naira 5,000 da aka cira bisa kuskure ranar kaza, an soke tarar naira 500 da aka rubuta bisa kuskure. Kuskuren yana nan a bayyane, gyaran yana ƙarƙashinsa. Kafin in danna sai da sakatare ya zaɓi mutum goma ya yi lissafinsu da biro a takarda, muka gwada da abin da allon ke nunawa, suka dace. Muka kuma tara jimillar abin da za a mayar muka gwada da jimillar zagaye na biyu. Sannan na danna, wayoyin da ke rumfar suka fara ƙara ɗaya bayan ɗaya.

Alhaji bai ce komai ba sai da ya karanta nasa. Ya ce, "To ɗana, kuɗi sun dawo. Yanzu gaya mini me ya faru, da Hausar da zan iya maimaita wa mutane."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kana jin rediyo in za su faɗi lokaci, sukan ce ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar, ƙarfe kaza agogon GMT da Gana."

Ya ce, "Tun kafin a haife ka."

Na ce, "To injin da ke riƙe da lissafinmu a Landan yake, ni kuma na ɗora shi a kan agogon can. Su mutanen can rabin shekara agogonsu daidai yake da namu, rabin shekara daidai da na Gana. Jiya da dare suka sauya. Da biyu ta buga suka mayar da ita ɗaya, sai ɗaya da rabi ta zo sau biyu, injin ya yi aikinsa sau biyu. Laifina ne da ban ɗora shi a kan agogonmu ba."

Wani daga cikin na tsaye ya ce, "Su kuma me ya kai su taɓa agogo?"

Na ba su abin da na sani. Mu nan Gombe tsawon yini bai cika bambanta ba, rani da damina abin da ke tsakani bai wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba. A Landan kuwa yinin watan Yuni ya haura awa 16, na Disamba bai cika awa 8 ba. Da bazara gari yakan waye musu tun mutane na barci, sai suka ga gara a tura agogo gaba, a tashi da wuri, a sami hasken yamma mai tsawo. Wani magini ɗan Ingila, William Willett, ya yi ta kiran a yi haka tun 1907, ya mutu a 1915 bai ga an yi ba. Jamus ce ta fara a ƙasa baki ɗaya ranar 30 ga Afrilu 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, don tsimin gawayin kwal, Birtaniya ta biyo bayan 'yan makonni. Alhaji ya jinjina kai ya ce mu ma ai Magariba takan matsa, Asuba takan matsa, amma ladan ne ke bin rana, ba a taɓa cewa agogon masallaci ya koma baya ba. Aka ɗan yi dariya, rumfar ta saki.

Ba kowa ya saki ba. Akwai wata Hajiya mai sayar da wake a bakin layi, tana cikin waɗanda aka rubuta wa tara. Ba ta zo rumfar ba, ni na je wurinta tare da Baffa. Tana zaune a kan buhu tana tsince tsakuwa daga faranti, ba ta ɗago ba sai da muka gama gaisuwa. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, an mayar, an kuma soke tarar." Ta ce ta gani. Ta ce shekara tara tana zubi ba ta taɓa fashi ba, ko shekarar da mijinta ya rasu. Ita ba ta karatun boko, jikanta ne ya karanta mata saƙon da Asuba, a gaban surukarta, cewa ta gaza biya. Ta ce, "Ɗan nan, ɗari biyar ba komai ba ce. Kalmar ce." Ban sami abin cewa ba sai haƙurin da na sake ba ta. Da na koma gida na sauya rubutun saƙon gaba ɗaya, yanzu ba ya cewa kowa ya gaza, adadin da ya rage kawai yake faɗa. Ta nemi a ci gaba da rubuta nata a littafi ma, Baffa ya ce za a yi, har yau kuma ana yi.

Gyaran injin ya ci mini sauran ranar da daren Litinin.

Na farko, sauya agogon sabar. Akwai wani kundi da kusan duk kwamfutoci da wayoyin duniya ke dogara da shi, mai ɗauke da dokar lokaci ta kowace ƙasa da tarihin canje-canjenta. Arthur David Olson ne ya assasa shi a shekarun 1980, Paul Eggert ke jagorantar kula da shi, yana ƙarƙashin hukumar IANA mai kula da lambobi da adireshin intanet. A cikinsa sunan lokacinmu Africa/Lagos, kuma tun 1919 yake awa ɗaya gaban GMT bai motsa ba. Masana da yawa sukan ce a bar saba a kan UTC kawai, tunda shi ma ba ya canzawa. Na yarda da su a wajen ajiye bayanai: yanzu kowace shigarwa da UTC nake adana ta, in za a nuna wa mutum a juya ta zuwa lokacinmu. Amma wajen tsara lokacin aiki na zaɓi Africa/Lagos, saboda ayyukan nan da rayuwar mutanen Gombe suke tafiya, kuma ba na son wanda zai gaje ni ya riƙa ƙara awa ɗaya a ka duk lokacin da zai karanta jadawali. Duk inda aka bar wa mutum lissafin ka, wata rana zai manta.

Sauya agogon umarni ɗaya ne, amma bai wadatar ba. Cron tana riƙe da lokacin da ta tashi da shi, sai an kashe ta an kunna take ɗaukar sabo. Rumbun bayanai yana da nasa saitin lokaci daban, manhajata ma tana da nata. Wuri uku, kowanne sai da na bi na tabbatar. Da na gyara ɗaya na bar biyu, da na haifar da rikicin da ya fi na farko wuyar ganowa, don lokuta za su riƙa saɓa wa juna a cikin gida ɗaya.

Sannan tsofaffin bayanai. Duk abin da aka rubuta daga Mayu zuwa ƙarfe biyun daren nan lafiya yake, tunda lokacin Landan da namu ɗaya ne a tsakanin. Abin da aka rubuta daga nan zuwa sa'ar da na yi gyara kuwa yana baya da awa ɗaya, har da mayarwar da muka yi a rumfar Alhaji. Na bi su da lambar jeri na daidaita. A nan ne na lura da ɓarna ta biyu da ba wanda ya kawo ƙararta: da ban tsayar da ayyuka ba, tunatarwar ƙarfe shida ta safe sai ƙarfe bakwai za ta riƙa fita har ƙarshen Maris, rufe lissafin yini kuma ya koma ƙarfe ɗaya na dare maimakon sha biyu, wanda ya biya rance tsakanin sha biyu da ɗaya a rubuta masa a ranar da ta wuce. Irin wannan ba ya ihu, a hankali yake ci.

Na raba ayyukan, kowanne da layinsa a cron da tsayayyen lokacinsa. Amma gyaran da na fi ba muhimmanci ba na agogo ba ne. Na sa wa rumbun bayanai doka cewa mutum ɗaya ba zai taɓa samun zubi biyu a mako ɗaya ba: kowace shigarwar zubi tana ɗauke da lambar mutum da lambar mako, in aka zo da irinta rumbun ya ƙi karɓa. Yanzu ko sau goma aka tayar da aikin, sau ɗaya zai cira. Canjin agogo hanya ɗaya ce kawai cikin hanyoyin da aiki kan maimaita kansa. Saba takan mutu ta tashi, intanet yakan yanke a tsakiya a sake gwadawa, mutum yakan danna abu sau biyu. A ganina duk aikin da ke taɓa kuɗi ko magani ko albashi, in maimaita shi zai yi ɓarna, to ba a gama rubuta shi ba.

Daga nan na yi wani gwaji da ya sa jikina ya yi sanyi. Na ɗauki tsohon tsarin na zuba a wata na'urar gwaji a kwamfutata, na bar ta a kan agogon Landan, na kai kwanan watanta daren 30 ga Maris 2025, ranar da za su tura agogo gaba. Na zuba ido. 00:58, 00:59, sai 02:00. Ƙarfe ɗaya bai zo ba sam. Manhajar ta tashi da 00:30 ta ga ba lokaci ba ne, ta tashi da 02:30 ta ga ba lokaci ba ne, zubin makon bai fita ba, babu saƙon kuskure, babu komai. Na Oktoba ya tashi mutane da Asuba, shi ya sa aka kama shi cikin awa huɗu. Wannan ba wanda zai kira, don ba mai ƙorafin an bar masa kuɗinsa. Sai ƙarshen wata Baffa ya zo haɗa lissafi ya tarar da giɓin mako guda na mutum sama da 300, kuma shi za a fara kallo. Saboda haka na ƙara ɗan mai gadi: in ƙarfe biyu ta yi ba a ga zubin mako ya shiga ba, a turo mini saƙo a wayata.

Abu na ƙarshe, na zauna na rubuta duk wani wuri na waje da manhajar ke hulɗa da shi, na bincika agogon wa yake bi: masu tura mana tes, inda nake ajiye kwafin bayanai, sauran ayyukan da nake yi wa wasu. A nan na ga ashe ranakun ma ba ɗaya ba ne. Turai ta sauya ranar 27 ga Oktoba, Amurka sai 3 ga Nuwamba, don su tun 2007 dokarsu Lahadi ta biyu a Maris ce da Lahadin farko ta Nuwamba, kuma jihar Hawai da mafi yawan Arizona ba sa yi. A Maris 2025 tazarar har mako uku ce, 9 ga wata da 30 ga wata. Majalisar Tarayyar Turai ta kaɗa ƙuri'ar daina canjin a 2019, amma ƙasashen ba su cimma matsaya ba, ana nan ana yi. Nahiyarmu ma ba ta tsira ba. Masar ta dawo da shi a 2023. Maroko kuwa a lokacin agogonta ɗaya yake da namu tun 2018, amma in azumi ya zo sai ta mayar da shi baya da awa ɗaya, bayan Sallah ta dawo, ranakun kuma suna tafiya da watan Musulunci, kowace shekara daban. Shi ya sa ba a rubuta dokar lokacin wata ƙasa da hannu a cikin manhaja, kundin nan ake bari ya yi, a kuma riƙa sabunta shi.

Na buga takarda shafi ɗaya na kai wa sakatare: agogon da sabar ke bi, jerin ayyuka da lokutansu, abin da za a yi in saƙon mai gadi ya shigo ba na kusa. Ya sa ta a cikin bangon baƙin littafin.

Daren 29 ga Maris 2025 aka sanar da ganin watan Shawwal, wayewar Lahadi Sallah. Gari ya kacame, yara na ta kai da kawo wurin tela, gidanmu ana suyar nama har tsakar dare. Na san babu abin da zai faru, na gwada ya fi sau biyar, amma barci ya ƙi zuwa. Na zauna a tsakar gida da kwamfuta a cinya, na buɗe rijistar a gefe ɗaya, a wayata kuma na buɗe agogon Landan. Da 1:30 layin zubi ya fito, ya bi mutane har na ƙarshe, tes ɗin Baffa da nake gwaji da lambarsa ya nuna ya isa. Na ci gaba da zama. Da namu ya cika biyu, na Landan ya tashi daga 00:59 ya dira 02:00. Na jira har biyu da rabi ta gota, rijistar tana nan da layinta ɗaya. Na rufe kwamfutar na je na goge kayan da zan sa zuwa idi.